Kajin Adawiyya da Buhun Jan Zakara

Kullum in an sallame sallar asuba, kafin masu shayi su hura wuta, Saminu Mai Buhu yana tsakar gida yana juya buhuna. Zai ɗauki ɗaya, ya zura hannu har gindi, ya fizgo cikin waje, ya kaɗe shi sau uku a jikin turmi, ya jefar gefe. Abin da ya kakkaɓo, garin fulawa ne ko tsabar shinkafa ko ɓurɓushin dusa, rabon kajin matarsa Adawiyya ne. Su tara ne da zakara ɗaya gurgu, kuma sun fi ladanin unguwar kiyaye lokaci. Shekara goma sha tara ke nan yana wannan aiki: ya sayi buhunan emti a gidajen burodi da shagunan hatsi na Daura, ya kaɗe, ya ɗaure hamsin-hamsin, ya sayar wa manoma da 'yan kasuwar Mai'aduwa. Ba sana'ar da ake yi wa kirari ba ce. Ƙugunsa ya sani, hancinsa ma ya sani.

Mutumin wani ƙauye ne a gefen Mashi. Ya yi firamare har aji biyar, ya fito da lissafi da karanta lamba. Turanci kuwa sun gaisa sau ɗaya suka rabu. Ya yi dako a Kongolam, bakin iyakar Nijar, shekara bakwai, yana sauke siminti da taki daga wannan tirela zuwa waccan, har ranar da wani abu ya ce ƙas a bayansa. Daga nan ya yanke shawarar ci gaba da hulɗa da buhu, amma sai bayan an zazzage abin da ke ciki.

Maganar hannun jari ta same shi ne a shekarar da kowa ya haukace a kanta, lokacin da ma'aikatan banki ke bin mutane har rumfa da fom a hannu. Wani mai ƙamshin turare ya zauna a kan ɗaurin buhunansa ya yi masa bayani mai daɗi na awa guda. Saminu ya sayar da tumaki biyu ya saya. Shekara ba ta zagayo ba kuɗin tumaki suka koma kuɗin kaza. Takardar tana nan har yau a ƙasan akwati, Adawiyya tana kiranta tunkiyar da ba ta cin dusa. Da yawa daga waɗanda abin ya shafa sun rantse ba su ba wannan harka har abada. Saminu bai rantse ba. Shi a ganinsa kasuwa ba ta cuce shi ba, kunnensa ne ya cuce shi. Magana aka tallata masa, ya kuwa biya kuɗinta.

Wanda ya sake jawo shi ciki maƙwabcinsa ne a kasuwa, Ikechukwu mai kayan gyaran babur, wanda ya shekara ashirin da biyar a Daura har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari gishiri. Shi ya sa masa manhajar dillalan hannun jari a waya, shi ya nuna masa yadda ake buɗe rahoton shekara na kamfani.

"Ka bar hoton shugaban kamfani, ka bar jawabinsa," in ji Ikechukwu. "Layi uku za ka nema. Nawa suka sayar, nawa ya rage musu, nawa ake bin su. Sauran duk wa'azi ne."

Saminu ya karɓi layi ukun, ya ƙara na huɗu daga aljihunsa. A bangon rumfarsa ya ja layuka da gawayi, kowane kamfani da gidansa: masu fulawa, masu sukari, masu taki, masu siminti. Duk buhun da ya shigo hannunsa sai ya yi masa zane ɗaya a gidan kamfaninsa. Ranar Juma'a ya ƙirga, ya goge, ya sake.

"Manaja yana iya rubuta abin da ya ga dama," haka yake gaya wa duk wanda ya tsaya kallon bangon. "Amma mai gidan burodi ba zai sayi fulawa ya zubar don ya burge ni ba. In buhu ya iso hannuna babu komai a ciki, to wani ya biya kuɗin abin da ya fita."

Ba ƙidaya kaɗai ba. Yana murza buhu tsakanin yatsu biyu. In kamfani ya fara rage masa kauri, to akwai abin da ke cin su a ciki. In ɗinkin baki ya fara karkacewa, ma'aikata sun daɗe ba su ga albashi ba. Kamfanin da kayansa ba sa zuwa a buhu kuwa, banki ne ko inshora ko na layin waya, ba ya kallonsa sau biyu. "Ba su da buhu," shi ke nan hukuncin. Na giya kuma ko suna da buhu bai tambaya ba.

Ikechukwu shi mutumin takardun lamuni ne. Ka ba gwamnati ko kamfani rance, su riƙa ba ka kuɗin ruwa, in wa'adi ya cika su maido maka uwar kuɗinka.

"Barci nake har da munshari, Alhaji Buhu. Kai kuwa kullum kana shaƙar gari kana ƙirga zane kamar fursuna."

"Munsharinka na kuɗin ruwa ne, Ike. Ni in na yi irinsa liman zai ji daga gidansa."

Da aka fito da sukuk, wanda aka ce babu ruwa a ciki, hanya ake ginawa da kuɗin a riƙa biyan mutum haya, Saminu bai ce e ba bai ce a'a ba. Ya shiga mota ya tafi har inda aka ce ana aikin. Ya tarar da gireda, ya ɗora tafin hannu a jikin injinta ya ji da ɗumi. Ya tambayi mai tuwon wurin ko leburori suna biyanta hannu da hannu, ta ce suna biya. Ya dawo ya sayi mafi ƙanƙanta da ake sayarwa. Kuɗin motar zuwa da dawowa ya cinye kashi ɗaya cikin uku na ribar shekarar farko, Ikechukwu ya yi wata guda yana ba kwastomomi labari.

A yi dariya ko kar a yi, shekara shida bangon gawayi yana ciyar da shi. Ba arziki ya yi ba. Amma da rabon ribar da ke faɗowa a waya, da ɗan abin da ya sayar in farashi ya hau, ya sayi fili a bayan gari ta hanyar Zango, ya tayar da ɗaki uku har linta. Saura rufi.

Rufin nan shi ne maganar. Mai gidan da suke haya ya aiko tun watan Janairu cewa ɗansa zai yi aure, su tashi kafin ruwan farko. Saminu ya tattara dubu ɗari bakwai da hamsin, a ciki har da kuɗin akuyoyin Adawiyya huɗu da ta sayar da hannunta a kasuwar Laraba. Sha'aban kafinta ya zo ya auna, ya ce kuɗin za su yi kwano da katako da ƙusa da ladan aiki, ɗaki uku cif. Ƙofa da taga kuwa sai dai a rataya tabarma.

Tabarmar nan ce ta tsaya wa Saminu a wuya.

A daidai wannan lokaci gidan wani kamfanin fulawa mai suna Jan Zakara ya fara cika a bango. Ƙaramin kamfani ne, buhunsa fari da hoton zakara ja ya buɗe baki. Da, in ya samu zane arba'in a mako ya yi ƙoƙari. Sai ga ɗari biyu. Mako na gaba ɗari uku da hamsin. Ɗantsoho direba, wanda ke ɗauko masa kaya daga Kano in ya sauke shanu zai dawo, shi ke jibge masa su a ɗaure, kuma da araha. Gidan ya cika, Saminu ya shiga gidan sukari da zanen Jan Zakara.

Ya kira Mansur, ƙanin Adawiyya, wanda ya yi difloma yake zaune da na'urar cire kuɗi a kusa da rijiyar Kusugu, ya ce ya karanta masa Turancin rahoton.

"Yaya, yau kuma takarda ake nema? Na ɗauka kai da bango kuke shawara."

"Karanta, Manaja. Ba a biyanka don surutu."

"Ba a biyana don komai. Sun ce suna faɗaɗa harka. Sun ce shekara mai zuwa ta girbi ce. Ga shugaban nan yana murmushi, har da sabuwar hula."

Karo na farko ke nan da takarda da bango suka faɗi magana ɗaya. Saminu ya yi lissafi a ransa: naira shida kowane hannu, in ya kai takwas kafin watan Mayu, ga rufi, ga ƙofofin ƙarfe, ga taga, watakila har da daɓen siminti. Ya zuba kuɗin rufin gaba ɗaya. Ya gaya wa Sha'aban ya dakata tukuna, katako zai sauko. Adawiyya kuwa bai gaya mata komai ba, don ya san abin da za ta ce, kuma ya san gaskiya za ta faɗa.

Buhunan Kano ba ya kawo su gida. Suna da yawa, suna zuwa a ɗaure, sai ya ƙirga ɗauri ya ninka da hamsin ya jera a rumfa. Sai cikin watan Afrilu, da zafi ya kai inda mutum ke jin haushin rigarsa, rumfa ta cika har ba wurin shimfiɗa abin salla. Ya ɗoro ɗauri biyu a babur ya kawo gida.

Washegari da asuba ya kwance ɗaya ya fara aikinsa. Zura hannu, fizgo, kaɗe sau uku. Kaji suka taho da gudu kamar kullum, suka kewaye turmi, suka kai baki sau biyu-uku a ƙasa. Sai suka tsaya. Babbar cikinsu ta karkata kai ta dube shi da ido ɗaya. Daga nan suka juya, ɗaya bayan ɗaya, suka koma gindin randa.

Adawiyya tana bakin murhu tana dama koko.

"Malam, me ka yi wa kajina?"

"Me zan yi musu?"

"Ga su can sun juya maka baya. Ko gurgun bai tsaya ba, shi da ko takardar maggi ci yake."

Saminu ya sake kaɗe wani buhun da ƙarfi. Ƙura ce ta tashi, baƙar ƙurar sito, babu ko ɗigon fari. Ya ɗauki na uku ya shinshina. Warin leda. Sai a lokacin ya yi abin da ya kamata ya yi tun watan Fabrairu: ya kama bakin buhun ya ɗaga shi sama wajen haske. Buhun da aka taɓa cikawa, inji ya ɗinke bakinsa, mai burodi ya farke, dole ka ga jerin ƙananan huji daga wannan gefe zuwa wancan. Wannan bakinsa sumul. Ya duba goma, ya duba ashirin. Datti ne kawai da lanƙwasar ajiya suka sa su kama da tsofaffi. Ba a taɓa zuba musu ko cokali ɗaya na fulawa ba.

Shekara goma sha tara yana sana'ar buhu, kaza ce ta nuna masa sabo da tsoho.

Ya zauna a kan turmin. Adawiyya ta ajiye ludayi.

"Ƙugun ne?"

"Ba ƙugu ba ne."

Ya gaya mata. Bai yi kwana-kwana ba, don ba shi da ƙarfin yi. Ta saurara har ya gama, ta dubi zakaran da ke jikin buhu, ta dube shi.

"Akuyoyina huɗu suna cikin wannan zakaran?"

"Suna ciki."

"Har da mai cikin?"

"Har da ita."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta zuba masa koko ta tura gabansa.

"Sha. Ranar da ruwa ya sauko, kai za ka hau sama ka kwanta a kanmu ni da yara. Kana da faɗi."

Bai buɗe rumfa ba ranar. Ya bi gidajen burodin Daura guda shida, yana leƙa ɗakin kwaɓi kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Babu mai kwaɓa Jan Zakara. Ɗaya ya ce rabonsa da ganinta tun kafin azumi, dilan ma ya daina ɗaga waya. Ya hau babur zuwa Kongolam ya sami tsofaffin abokan dakonsa a inuwar tirela. Suka ce motar Jan Zakara ta ƙarshe da suka sauke, wata huɗu ke nan. Da yamma ya tare Ɗantsoho a tasha yana wanke ƙafa.

"Buhunan nan a ina kake samo su?"

"A bayan masana'antar mana. Mai kula da sito ke sayarwa a kilo. Inji ya yi shiru, an ce babu alkama, buhuna kuma sun cika musu ɗaki."

"Ka san haka ba ka gaya mini ba?"

"Ka tambaye ni? Kai buhu ka ce kana so, Saminu. Na kawo maka buhu, sabo ma, a kuɗin tsoho. Maimakon godiya."

Saminu ya juya ya kama hanyar gida. Ɗantsoho ko kobo bai cuce shi ba.

Da safe suka haɗu su uku a shagon Ikechukwu, tsakanin sarƙoƙin babur da kwalayen fulogi. Mansur ya zo da wayarsa a buɗe, don shi ma ya ɗan sa kuɗinsa bayan ya ga Yaya ya shiga.

"Yaya, farashi fa shida da tamanin yau. Hawa yake. Za ka sayar da hannun jari saboda kaji?"

"Saboda kaji."

"Watakila tambari za su canja, shi ya sa suke rabuwa da tsofaffin buhuna. Kamfanoni suna yin haka. Sabon salo."

"To ina sabon buhun? Na zaga Daura, na je Kongolam. In sun canja riga, ai sai mu gan su da sabuwar. Tsirara suke yawo?"

Ikechukwu bai sa baki ba sai da ya karɓi wayar, ya yi ta jan shafukan rahoton da babban yatsa, ya wuce hoton shugaba da sabuwar hula, ya wuce hoton ma'aikata suna dariya, ya isa can ƙarshe inda rubutu ke ƙanƙancewa.

"Alhaji Buhu. Layi na uku fa?"

Saminu ya leƙa wayar, Ikechukwu ya ɗora yatsa a kan lambar.

"Abin da ake bin su ya ninka biyu a shekara ɗaya. Ga shi nan, lamba ce, ba Turanci ba. Ka duba kafin ka saya?"

"Ban duba ba."

"Me ya sa?"

"Bango ya cika."

Ikechukwu ya girgiza kai. "Da takardar lamuninsu aka kawo mini, da kallo ɗaya zan yi wa layin nan in ce su gaida gida. Mai ba da rance layin bashi yake fara dubawa. Ku masu hannun jari sai kun gama murna."

"Ka gama wa'azin? Nuna mini inda ake danna sayarwa."

Ya danna. Ya jira kuɗi su faɗo. Ba su faɗo ba. Azahar ta yi, la'asar ta yi, abin da aka saya a cikin hannayensa bai kai na ƙusa ba. Ikechukwu ya kira ofishin dillalan a Legas, wata mata ta yi bayani da Turanci mai sauri, ya fassara masa a taƙaice: kasuwa ce, sai da mai saye. Ƙaramin kamfani ne, masu cinikinsa a rana ba su da yawa, kuma ga alama ba shi kaɗai ke neman ƙofa ba.

Wannan ne abin da Saminu bai taɓa lissafawa ba. Ranar da ya shiga, minti biyu aka yi an karɓe kuɗinsa. Fita kuwa sai ya koma kamar mai tallan rago a washegarin Babbar Salla. Kullum da safe ya rage farashi, kullum a ɗan gutsura. A makon farko lambar da ke kan waya ta taɓa naira bakwai, Mansur ya taho har rumfa yana kaɗa ta a gaban hancinsa.

"Bakwai, Yaya. Ka gaida mini da kaji."

"Madalla. Saura hannu dubu tamanin a wurina. Kawo bakwai-bakwai ka kwashe."

"Ai ni ba ni da irin wannan kuɗi."

"Shi ma wanda ya rubuta bakwai ɗin ba shi da su. Ɗari biyu ya saya ya tafi."

Mako uku ya yi yana wannan ciniki, gabas kuma ta fara haɗa gajimare da yamma. Ya sayar a shida da rabi, ya sayar a biyar, ragowar ya sake su a uku da 'yan kai, ranar da mai gidan haya ya aiko a karo na biyu. Da ya tattara, abin da ya dawo hannunsa dubu ɗari biyar da goma ne. Kwano kuma bai zauna jiransa ba, bandir ya ƙara kuɗi. Sha'aban ya sake aunawa, ya cire fensir daga bayan kunne, ya mayar.

"Ɗaki biyu. Na ukun sai dai ka yi masa addu'a."

Bayan kwana goma kamfanin Jan Zakara ya fitar da sanarwa cewa ya tsayar da aiki na ɗan lokaci don gyaran inji, kuma yana godiya ga masu hannun jari bisa haƙurinsu. Mansur yana riƙe da nasa har yanzu. Ya ce za su farfaɗo, kuma mai yiwuwa ne su farfaɗo. Ba a ga sabon buhu ba dai tukuna.

Abu ɗaya ya ɗan rage zafi. Wata biyu Saminu yana sayar da sababbin buhuna a farashin tsofaffi bai sani ba. Yanzu da ya sani, sai ya wanke ragowar, ya kai Mai'aduwa ranar Lahadi, yana ɗaga bakin kowanne sama yana nuna wa manoma babu huji. Abin da ya samu a kai ya sayi ƙofar ƙarfe ɗaya. Adawiyya ta ce a sa ta a ɗakinta, babu wanda ya yi gardama. Buhu ɗari da ashirin ya ƙi sayarwa, ya ajiye.

Sharuɗɗan Adawiyya biyu ne, ta faɗe su tana ɗaure tukwane ranar tashi. Na farko, duk wata a sayo wa kaji rabin buhun dusa.

"Kajin nan su ne oditanka, odita kuwa ba ya aiki kyauta, Malam. Tambayi Mansur."

Na biyu, duk abin da za a sake saya a wayar nan, sai an saya da sunanta har akuya huɗu su cika, biyar da ɗan cikin. Ya amince da duka biyun. Bangon gawayi yana nan a rumfa, amma dokarsa ta canja: buhu ba ya samun zane sai ya kwana a gida, an juya shi, kaji sun tsaya a kansa. Layi na uku kuma shi yake fara dubawa, kafin ma ya ga ko shugaba ya sake hula.

A sabon gidan, wata yamma a farkon Yuni, iska ta fara kaɗawa daga gabas da ƙamshin ƙasa. Ɗaki biyu suna walƙiya da sabon kwano. Shi kuwa yana zaune a kan katangar na uku, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, basilla a baki, ƙugu ɗaure da tsohon rawani. Buhuna ɗari da ashirin ɗin nan ya farke ya ɗinke su ruɓi biyu suka zama tamfol, ya shimfiɗa a kan sandunan dogon yaro. Jajayen zakaru jere-jere, kowanne ya buɗe baki yana kallon sama. A ƙarƙashi kajin Adawiyya sun riga sun tare, gurgun yana tsaye a bakin ƙofar da babu ƙofa.

Ikechukwu ya zo ganin gida, ya tsaya daga ƙasa ya riƙe ƙugu.

"Alhaji Buhu, ashe dai kamfanin ya yi maka rufi."

Saminu ya cire basilla daga baki.

"Wannan ne kaɗai aikin da na ga sun yi da idona. Miƙo mini bulon nan."

Ikechukwu ya miƙa masa. Ya ɗora shi a kan kusurwar da iska ke ɗagawa, ya danna da tafin hannu, ya jawo igiya ya ci gaba da ɗinke bakin da ya rage.